Injin Da Ya Kwana Waje

Da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa an yi sata a asibitin sha-ka-tafi da ke bayan kasuwa. Wadda ta bugo shugabar wata gidauniya ce, muryarta kuwa irin ta mutanen da ba su saba maimaita magana ba.

Insfekta ya ture kofin shayinsa ya kira Saje ya tayar da mota. Insfektan dattijo ne da ya kusa ritaya, ga tumbi kaɗan ga haƙuri da yawa. Abokan aiki kan yi masa tsiya wai ya fi kallon ƙasa a kan kallon fuskar wanda ake tuhuma, shi kuwa bai taɓa musa musu ba.

Asibitin ɗaki uku ne da dogon benci, mata na zaune a jere da yara a cinya. Likita ya tarye su a bakin ƙofa, siriri ne mai furfura, gumi ya jiƙa masa farar riga.

"Me aka ɗauka?" in ji Insfekta.

"Injin iskar numfashi, yallaɓai. Wanda ke tace iska ya ba mara lafiya ta hanci. Bai wuce ƙaramin firiji ba, yana da tayoyi."

"Naku ne?"

"Kyautar gidauniya ce, bara suka ba mu."

Likita ya yi bayani. Gidauniyar ta iyalin wani attajiri ce da ya rasu, 'ya'yansa ke tafiyar da ita, suna tallafa wa asibitoci da makarantu da masu adana kayan tarihi. Bana ma asibitin ya sake neman a gina masa ɗakin kwantar da yara, domin da magariba suke rufewa su sallami kowa, mai sauƙi da mai jin jiki. Yau ce ranar da shugabar ta zo duba su kafin kwamiti ya zauna, sai ta tarar da gurbin injin wayam.

"Tun bara muke bin tallafin nan kamar mai bin bashi," in ji Likita. "In injin bai fito ba, ɗakin yaran ya tafi ke nan."

Insfekta ya shiga ɗakin. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa taga ba. Ga kwamfuta a kan tebur, ga akwatin magunguna a buɗe, babu abin da ya yi ƙafa.

"Bayan injin, me kuma babu?"

Likita ya duba aljihun tebur, ya duba bayan ƙofa. "Robar hanci ta yara, ƙaramar. Da jarkar tataccen ruwan da ake zuba wa injin."

"Ruwan yana da tsada?"

"Ina fa."

Insfekta ya gyaɗa kai. Shi dai a iya aikinsa bai taɓa ganin ɓarawon da ya tsallake kwamfuta ya ɗauki jarkar ruwa ba. Wannan ba na kasuwa ba ne, wanda ya ɗauka amfani zai yi da shi.

Maigadin asibitin tsoho ne, ya tsuguna a gindin katanga yana jan carbi da sauri fiye da yadda ake ja.

"Baba, jiya kai ka kwana a nan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me ka gani?"

"Su uku ne, ƙatti. Ta katanga suka diro."

"Suka ɗaga inji mai nauyin buhu suka haura katanga da shi?"

"To, ƙila su huɗu ne."

Saje ya kau da kai don kada dariya ta kuɓuce masa. Insfekta bai yi dariya ba, tausayi ma tsohon ya ba shi, don ƙaryar wanda bai iya ƙarya ba abin tausayi ce. Ya zagaya ƙofar baya. A kan matakalar an jingina faffaɗan katako, tsakiyarsa ya yi santsi da sawun tayoyi biyu, sawu kan sawu, har sun ci itacen. A gefe ga baro, an ninke tsohon bargo a cikinsa.

"Baron wa?"

"Nawa ne. Shara nake kwashewa."

"Shararka ta ji daɗi, Baba, har bargo ake shimfiɗa mata."

Tsohon ya sunkuyar da kai, carbin ya tsaya. Insfekta bai matsa masa ba. Ya riga ya gane cewa injin nan ba jiya ya fara fita ba, ya daɗe yana shiga da fita ta wannan katako.

Ma'aikaciyar jinya ɗaya ce tal a asibitin, kowa Sista yake ce mata. Ya same ta tana ɗaure wa wani yaro ƙafa, hannunta na aiki amma idanunta sun yi jajir sun faɗa.

"Ke ke rufe ɗakin injin?"

"Ni ce, yallaɓai. Na rufe da magariba na tafi gida."

"Kika yi barci?"

"Na yi."

"Idonki bai ce haka ba."

"Ciwon kai ne."

"Wa ke da makulli bayan ke?"

"Likita." Ta ɗago da sauri. "Amma shi babu ruwansa, wallahi."

Bai tambaye ta yadda ta san haka ba. Ya yi mata sannu da aiki, ya ce wa Saje su je su ga mai ƙara.

Ofishin gidauniyar tsohon gidan marigayin ne aka gyara. A falo masu neman tallafi sun cika kujeru, kowa rungume da takardunsa: ga shugaban makaranta da ke neman rufin aji, ga wata dattijuwa da ke son a ceci tsofaffin littattafan mijinta daga gara. Duk sanda ƙofa ta motsa sai su miƙe tsaye gaba ɗaya, su koma su zauna. Mai nema ba ya fushi, ko ya yi ma a ciki yake barinsa.

Shugabar ita ce babbar 'yar marigayin, mace mai tabarau da magana a tsaye. Ta ba shi kujera ba tare da doguwar gaisuwa ba.

"Insfekta, ba mugunta ba ce. Mahaifinmu ya sha ba da kaya a wayi gari an gan su a kasuwa. Shi ya sa ya kafa ƙa'ida: abin da muka bayar ba ya fita daga ginin da muka kai shi sai da izinin kwamiti. Wanda ya karya, mun rufe da shi."

"Sun taɓa neman izinin?"

"Sun nema, watannin baya. Kwamiti bai kai ga zama a kai ba. Ƙannena kowa da harkar gabansa."

Idon Insfekta ya tafi kan bango. Hotuna ne a jere cikin gilashi, makarantu, rijiyoyi, ɗakunan karatu. Mafi girma a cikinsu na wata yarinya ce ƙarama, da manyan idanu, tana zaune a kan dogon bencin da ya gani ɗazu.

"Wace ce wannan?"

"Ita ta sa muka ba su injin. Masu nema sun fi a ƙirga, amma ma'aikaciyar jinyarsu ta haɗo da hoton nan da labarin yarinyar, huhunta ne ba lafiya. Da muka karanta babu wanda ya iya cewa a'a."

"Yanzu tana ina?"

Shugabar ta cire tabarau ta mayar. "Ina jin ta samu sauƙi."

"Ina sunanta?"

Ba ta sani ba, kuma ya ga abin ya soke ta.

Da suka koma asibiti rana ta take. Insfekta ya ja Likita gefe ya tambaye shi yarinyar hoton.

"Auta? Kullum uwarta ke goyo ta da safe, ta wuni a kan injin, da magariba mu cire mata su tafi. Da, takan dawo da safe kamar ba za ta kai ba. 'Yan watannin nan kuwa sai na ga tana zuwa da ƙarfinta, har na ɗauka maganin ne."

"Yau ta zo?"

Likita ya leƙa bencin, ya dawo da kallonsa kan Insfekta. Da suka nemi Sista aka ce ta fita tun ɗazu, Baba maigadi kuma da aka tambaye shi hanya bai ƙara wata ƙarya ba, ya nuna lungun kafintoci da carbinsa.

Insfekta ya buga wa shugabar waya. Doka ce mai kaya ya zo ya shaida kayansa da idonsa, ya ce, don haka ta same su a can.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere. Tun daga zaure suka ji gurnanin injin. Wata doguwar waya ta taso daga shagon kafinta, ta bi kan katanga ta shiga tagar ɗakin ƙarshe. A ciki yarinyar na kwance kan katifa da roba a hanci, ƙirjinta na hawa da sauka. Uwarta na gefe tana mata fifita, Sista kuma ta durƙusa tana ƙara wa injin ruwa.

Sista ta ga kakinsu ba ta razana ba. Ta rufe jarkar tukuna sannan ta miƙe.

"Ni ce, yallaɓai. Baba maigadi tura baro kawai yake yi, ni na roƙe shi. Likita bai sani ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da na gaji da jiran amsar kwamiti. Inji na kwana a kulle a ɗaki, yarinya na kwana tana kokawa da numfashi, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai ta zuwa kasuwa ba. Sai in kawo da magariba, in mayar kafin Likita ya iso."

"Kin san yau za a zo dubawa."

"Na sani. Ni na rubuta takardar neman, ni na goge ɗakin jiya." Ta dubi yarinyar. "Da safe na cire mata robar zan tafi da shi, leɓenta ya yi baƙi a kan idona. Na mayar. Na sake gwadawa, haka. Yallaɓai, da fuskar yarinyar nan na roƙo injin nan. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski."

Shugabar na tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya ji isowarta. Insfekta ya nuna mata ƙaramin allon ƙarfe da ke jikin injin, mai ɗauke da sunan mahaifinta.

"Ranki ya daɗe, naku ne?"

"Namu ne."

"To bisa doka kayan shaida ne. Ko in cire in tafi da shi ofis, ko in damƙa wa mai shi ya ajiye inda ya ga dama har a gama shari'a. Zaɓi naki ne."

Uwar yarinyar ta daina fifita. Shugabar ta dubi katifar ta daɗe, sannan ta tuɓe takalmanta ta shigo.

"Na karɓa. A nan na ajiye shi." Ta juya ga uwar. "Baiwar Allah, ya sunanta?"

Uwar ta faɗa mata, shugabar ta maimaita a hankali.

Sista ta share ido da bayan hannu. "Ranki ya daɗe, ɗakin yaran fa?"

Shugabar ba ta iya ƙarya ba, ko ta rarrashi. "Ƙanwata, ƙuri'a ɗaya gare ni a cikin 'yan'uwana. Na riga na sanar da su da safe, kuma ƙa'idar mahaifinmu ba su taɓa ɗaga ta ga kowa ba. Zan janye ƙarata, zan yi magana iyakar ƙarfina. Amma na bana kam, kada ki sa rai."

Nan ne Sista ta yi kuka. Ba ta yi don kakin 'yan sanda ba, ba ta yi don aikinta ba, sai da aka ambaci ɗakin. Insfekta ya ji zuciyarsa ta yi nauyi, don ya ga matan da ke kan bencin nan da yaransu, ya kuma san da magariba za a sallame su yau ma.

Ƙara ta riga ta shiga, dole a je ofis a ba da bayani. Saje ya taɓa ankwar da ke ƙugunsa, Insfekta ya harare shi ya sauke hannu. Kafin su fita Sista ta nuna wa shugabar layin da ruwan bai kamata ya sauka ƙasa da shi ba, da maɓallin da ake dannawa in injin ya yi ƙara. Shugabar ta zauna a kan tabarma ta ja jarkar kusa da ita.

A mota Sista ta zauna a baya, hannuwa a cinya. Sun kai bakin titi kafin ta yi magana.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. Likita ya tsufa a kan neman ɗakin nan. Kada ya ji a bakin wani."

Ofishin 'yan sanda na dama, asibiti na hagu. Saje ya dubi maigidansa yana jiran umarni.

"Yi hagu," in ji Insfekta. "Kuma ka tsaya daga nesa, ta shiga da ƙafarta."