Motar da Ke Kuka In An Taka Birki

Da hantsi aka tsinci gawar a gindin tsohon ramin da ake fasa dutse, an lulluɓe ta da buhunan siminti. Mai gyaran famfo ne. Tun jiya iyalinsa ke nemansa, ya fita kan kekensa bai dawo ba.

Sufeto ya tsuguna ya duba. Ƙafafun sun karye daga gwiwa, amma babu jini a ƙasa.

"Ba nan aka buge shi ba," ya ce da Saje. "Kawo shi aka yi."

Wata mata mai fasa dutse ce kaɗai ta yarda ta yi magana.

"Ranka ya daɗe, ni ban ga fuskar kowa ba. Jiya da rana dai wata akori-kura ta gangaro nan, sai kuka take yi. Da ta rage gudu sai hon ya tashi, kamar akuyar da aka taka wa wutsiya."

Da suka koma ofis, suka tarar Kofur na fama da wani dattijo gajere a gaban kantar karɓar ƙara, 'yan sanda na ta ƙunshe dariya.

"Wai motarsa aka sace, yallaɓai," in ji Kofur, "kuma wai an dawo masa da ita."

"Ɗana, ba wasa ya kawo ni ba," dattijon ya ce. "Motar nan ba wanda ke tuƙa ta sai ni. Jiya na wuni a asibiti ana duba min ido. Yau na tashe ta, allurar agogon gudu ta kwanta, ko motsi. Na taka birki, sai hon!"

Sufeto ya ajiye hularsa a hankali.

"Baba, mu je in gan ta."

Motar akori-kura ce, tana ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida, fentinta ya koɗe, amma ƙal take. Wani dogon mutum na goge gilashinta da tsumma. Dattijon ya ce ɗansa ne, Auta, tela ne, shi da matarsa suna ɗakin baya.

"Kana tuƙi?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ni? Ko sitiyari Baba bai taɓa bari na riƙe ba. Jiya ma ina shago."

Sufeto ya leƙa bayan motar. An wanke shi tas, har ruwa ya kwanta a lungu.

"Kullum nake wanke ta," Auta ya yi saurin cewa.

Aka aika a kira mai wayarin da ke gyara wa dattijon wutar mota. Ya zo da filaya a aljihu, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari sama-sama, ya miƙe yana karkaɗe hannu.

"Ɓera ne, yallaɓai. Tsohuwar mota ai gidan ɓera ce."

"To, mu bi ta daki-daki," in ji Sufeto. "Fara da fiyus."

Ya zaro su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ƙone.

"Agogon nan da wuta yake aiki?"

"A'a, irin na da ne. Igiyar ƙarfe ce ke tasowa daga giya, tana juya allurar da lambobin tafiya."

"Shiga ƙasa ka duba ta."

Mai wayarin ya kwanta ya shige. Can ya ce daga wajen giya lafiya take, ba ta tsinke ba.

"Saura ɗaya bakin ke nan," in ji Sufeto.

Ya cire rigarsa ta sama, ya kwanta a ƙasan kujerar direba, ya haska da fitilar wayarsa. Bayan agogon, bakin igiyar na reto. An mayar da shi ramin, amma bai ɗauru ba, an murɗa shi a karkace. Kusa da shi an ja dunƙulen wayoyi da ƙarfi, wani ƙarfe mai kaifi ya feƙe robar guda biyu, jan ƙarfensu na taɓa juna. Sufeto ya raba su da tsinke.

"Saje, taka birki."

Shiru. Ya saki wayoyin suka haɗu. Saje ya sake takawa, hon ya tsage gidan.

Sufeto ya fito yana duban mai wayarin.

"Ɓeranka yana da yatsu. Ya kwance igiya, ya kuma yi ƙoƙarin mayarwa. Akwai gawa a maganar nan, malam. Ka ci gaba da ɓera, ka kwana a wajenmu."

Gumi ya karyo wa mai wayarin.

"Gawa? Wallahi ban san da gawa ba! Kwanakin baya ne aka tambaye ni yadda ake hana lambobin tafiya ƙaruwa. Cikin hira na faɗa. Tare muka taso, yallaɓai, shi ya sa..."

Bai ƙarasa ba, ya kalli Auta.

"Miƙo hannunka," in ji Sufeto.

A bayan hannun Auta na dama akwai doguwar ƙarzuwa, sabuwa. Ya ce almakashi ne. Sufeto ya nuna masa ƙarfen da ya feƙe wayoyin, da ɗan busasshen jini a bakinsa.

Tsumman ya faɗi daga hannun Auta. Ya sulale ya zauna a jikin taya.

"Tun ina yaro nake wanke ta, Baba. Sau ɗaya kawai na so in ji yadda take. A motar abokina na koya. Na san kullum kana duba lambobin, shi ne na kwance igiyar."

"Sai me?" Sufeto ya ce.

"Na hau babbar hanya. Allura a kwance, ban san gudun da nake yi ba, ga hon ya ruɗa ni, na daina taka birki. A kwana na buge wani mai keke. Na jefa keken a daji, na ɗora shi a baya."

"Da rai?"

Auta ya gyaɗa kai.

"Yana nishi. Asibiti na nufa, wallahi. Amma duk inda na rage gudu sai ta yi kuka, kowa ya juyo yana kallona. Kuma Baba yana asibitin. Na wuce ƙofar. Na yi ta tafiya har nishin ya tsaya."

Matarsa ta fasa kuka daga bakin ɗaki. Saje ya sa masa ankwa, ya ɗaga shi.

"Baba, ka yafe min."

Dattijon bai dube shi ba. Yana tsaye dafe da ƙofar motar har aka fita da ɗansa. Sannan ya juyo wajen Sufeto.

"Mutumin nan, yana da 'ya'ya?"

"Yana da su, Baba. Ƙanana."

Dattijon ya laluba ya ɗauki sandarsa.

"Kai ni gidan. Kada su ji a bakin kowa, ni zan faɗa musu."