Idon Hagun Hajiya Hindou

Tun da aka kafa Amurka ba a zalunci bawan Allah kamar Malam Zabeirou ba. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, wanda duk 'yan Nijar na Greensboro ke ce wa Dakta, wai shi ne aka miƙa wa tsumma ya goge na'urori! Duk saboda wata murar aladu. Mura fa. A Damagaram da citta ake korar ta.

Koyon gwajin ido yake a wani ɗan asibiti a titin Wendover, kuma sai ya cika littafi da majinyata hamsin kafin a ba shi satifiket. Saura goma sha biyu cutar ta shigo. Shugabarsa, Dakta Perpetua, matsoraciyar da ke wanke hannu in ta ga hoton alade, ta hana masu koyo kusantar fuskar kowa. Amma littafin Zabeirou ya ci gaba da cika abinsa.

Ran Laraba da magariba aka bar shi ya rufe. Warin bilic, maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko'ina. Ƙararrawar ƙofa ba ta kaɗa ba, sai ya ji kujerar gwaji ta yi ƙara.

Wata tsohuwa ce zaune, da takunkumin fuska. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

"Mun tashi, Mama."

"Ina da randebu, an ba ni lokaci," ta ce a hankali. "Hajiya Hindou. Daga McLeansville."

Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Sunan nan a kicin ɗinsa ya ƙirƙiro shi, yana cin tuwo. Lamba arba'in da uku a littafinsa.

"Ka rubuta idona na hagu ya mutu. Tun ranar ba na gani da shi. Duba."

Ya haska fitila.

Ƙwayar idon ba ta tsuke ba.

Ya matso. Can ciki ya hango mutane tsaitsaye cikin duhu, sun bi layi. Goma sha ɗaya. Kowa da ciwon da ya rubuta masa.

"Zan gyara, Mama. Wallahi yanzu zan soke."

"Soke. Amma idon daga ina zai fito?"

Ta sauke takunkumin.

Babu baki. Ai bai rubuta mata baki ba.

Yatsa mai sanyi ya taɓa fatar idonsa na hagu. Ya kifar da na'ura, ya ci karo da ƙofa, ya fita da takalmi ɗaya.

Washegari Dakta Perpetua ta gwada shi sau uku.

"Idonka ƙalau yake, Malam. Me ya sa ba ka gani da shi? Kuma wa ya yaga littafinka?"

Ya gyara hula, ya yi tsaki.

"Laifin mura ne, Dakta. Da ke da kika hana mu aiki." Ya lalubi hannun ƙofa ta hagu, ya rasa. "To, ni na rubuta su. Duka sha biyun. Don Allah kada ki sake barina ni kaɗai da magariba, saura sha ɗaya."