Angon da Ya Share Daji

Ranar da Dogo mai kwale-kwale ya fara ganinta, tana durƙushe a dajin bakin kogi, tana leƙen busasshen ganye kamar wadda ɗan kunnenta ya faɗi.

"Me ya ɓata, 'yar uwa?"

"Ba komai. Ɗaliba ce ni, ganyen da ya rufe ƙasa nake aunawa."

Murmushinta kawai ya kama, bayanin ya bi ruwa. Kullum shi ke ƙetarar da ita, har ya raɗa mata suna Ganyena.

Sai wani ɗan ajinsu ya fara rako ta, da mota da turare. Dogo ya rasa sukuni. Shi ba mota, amma yana da zuciya, Innarsa kuma tana da tsintsiya. Ya je ya share filin binciken da ta kafa wa turaku fes, wai kada maciji ya sare ta.

Da ta ga ƙasa tsirara, sai ta zauna daɓas.

"Wayyo! Ganyen nan ke riƙe laima, shi ke ciyar da ƙasa in ambaliya ta janye. Da shi nake gane lafiyar daji. Aikina ya tafi!" Ta ƙura ido. "Tsaya... wannan ba sawun tsintsiya ba ne?"

Dogo ya shiga kallon sama. Daga ranar ta daina hawa jirginsa, abinci ya daina yi masa daɗi.

Ya tura saƙo: "Ganyena, so ne ya yi sharar, ni tsintsiyar kawai na riƙe masa."

Ta amsa: "Ka ce wa son ya dawo min da ganyena."

Ya kwaso ganyen buhu-buhu. Ta ce ba a yi wa bincike ƙarya, sai bishiyoyi sun zubar da sabon ganye da kansu. Mai motar ya gaji da sauro ya gudu. Dogo ya tsaya gadi, yana korar awaki, yana roƙon bishiyoyi su yi sauri.

Ƙasa ta sake rufuwa, ta gama karatunta, ta ce wa babanta Dogo take so.

Babanta ya dafe kai. "Wanda ya share daji? Gobe ai kogi zai wanke!"

"Baba, shi ya share, shi kuma ya jira."

Tsoho ya yi dariya, ya sa albarka. Ranar da ta tare, ta miƙa wa ango sabuwar tsintsiya.

"Dogona, na ga hannunka ya iya. Daji nawa, tsakar gida taka."

Har yau shi ke shara, yana waƙa. Allah Ya bar su tare.