Dutsen da Auta Bai Mayar Ba

Aikin bai taka kara ya karya ba: kwalba ɗaya, hoto ɗaya, a dawo. Haka Oga ya faɗa da ya tura Auta rafi da la'asar sakaliya, yana goge tabarau da bakin riga.

"Daga can sama da bututun dattin kamfani za ka ɗebo ruwan, ka ji ko? Ƙasan kuwa, hoto kawai."

"Oga, ai a ƙasan mutane ke ɗiba."

"Iye! Yaushe ka zama likita? Wan naka ma bai yi mini wannan musun ba."

Wansa. Yaya ne ya fara wannan aikin a ɗakin gwajin ruwa. Shi ke shiga rafin da takalman roba, har cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi rawaya, aka fita da shi ba a dawo da shi ba. Ya bar wa Auta 'ya ɗaya da takalman. Tun rasuwarsa aka hana ɗibar ruwan. In gwajin gobe ya ce lafiya lau, za a ɗage hanin, mata su koma da bokitai, 'yar Yaya a bayansu da ɗan galan ɗinta.

Auta ya cika kwalbar a sama, inda ruwa yake garau har ana ganin tsakuwa. Sannan ya gangara.

A ƙasa wari ne ya tare shi, kamar ruɓaɓɓen ƙwai a tsohon gwangwani. Bututun yana ta aman baƙin ruwa. Kumfa ta taru a jikin ciyawa. Rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa.

Ya ɗauki hoton. Da ya tafi a lokacin, da shi ke nan. Amma ƙafafunsa, cikin takalman Yaya, suka shiga ruwan.

Yaya ya taɓa koya masa: "Ɗaga dutse ka duba cikinsa. In ka ga ƙananan ƙwari masu jela uku suna gudu, ruwan yana da rai. Amma ka mayar da shi yadda ka same shi, Auta. Gidan wasu ne."

Ya ɗaga na farko. Ba komai, sai yauƙi. Ya mayar. Ya ɗaga wani, ya mayar. Na gaba wani faffaɗa ne mai santsi, cikinsa fayau kamar tafin hannun gawa. Ya ɗaga dutsen da hannu biyu ya maka wa bututun.

Ƙarar ta tafi, ta dawo.

Sai bututun ya daina zuba.

A nan ya lura. Magariba a bakin rafi, ba kukan kwaɗo, ba gyare, ko sauro babu.

Aka yi tari a bayansa. Tari mai nauyi, daga can ƙasan ƙirji. Irin na Yaya a kwanakinsa na ƙarshe.

Ya juya a hankali.

Wata mata ce zaune cikin ruwa, daidai gurbin dutsen. Gashinta ya bazu yana bin ruwa. Fatarta tana saluɓewa. Idanunta rawaya.

"Sannu, Mama," in ji Auta.

"Na san takalman nan," ta ce ƙasa ƙasa. "Mai su yakan rufe mini ƙofa."

Auta ya nemi addu'a, harshe ya ƙi.

"Ka zo ƙirga 'ya'yana? Sun ƙare, ɗan nan. Ni kaɗai na rage." Ta miƙo hannu. Hannun ya yi ta zuwa, ya yi ta zuwa. "Ba ni abin da ke jakarka. Na daɗe ban ɗanɗana mai kyau ba."

Ya ba ta kwalbar. Ta shanye tas. Ta kafa baki ta yi tari a ciki, har ta cika da baƙi. Ta rufe, ta mayar masa a jaka.

"Kai musu wannan."

Sai sanyi ya kama idon sawunsa.

"Ko ka zauna. Ba ni da ƙofa yanzu."

Ruwa ya kai gwiwa.

Ya kai ƙugu.

Ya fizge. Ƙafar ta fito, takalmin ya tsaya. Ya rarrafa kan gaɓa, ya runtuma a guje, bai waiga ba. Tarin ya bi shi har bakin titi.

Washegari Oga ya ɗaga kwalbar ga haske, ya toshe hanci, ya tuttular da ita a wurin wanke hannu. Ya tura wani ya ɗebo daga sama. Aka ɗage hanin.

Tun ranar, famfon ɗakin gwajin yakan buɗe kansa da magariba, ya yi tari, ya zubo baƙi. An canza shi, bai daina ba.

Auta ya bar aikin. Kullum yana bakin rafi yana tare mata da bokitansu, su kewaye shi suna dariya, suna ce masa mahaukacin rafi. 'Yar Yaya kaɗai ya iya hanawa. In sun watse sai ya shiga ruwan da takalmi ɗaya, yana laluben dutsen da ya jefar.

Har yau bai same shi ba.