Ɗan Kunne a Cikin Inji

Motar Baba ta daɗe tana ɗigar da baƙin mai. Idan ta yi zafi, sai warin ƙuna ya cika cikinta. Ga Mama da tsohon ciki. Baba ya ce dole ya gyara ta kafin ranar zuwa asibiti.

Ranar Asabar da safe ya buɗe bonet ɗin motar a ƙofar gida. 'Yarsa na tsaye a gefe tana miƙa masa sifana. Saboda son aikin nan ne yake kiran ta Injiniya. Ya gaya mata robar da ke ƙarƙashin murfin inji ce ta bushe ta tsage, kuma gaskit ake ce mata. Ya riga ya sayo sabuwa.

Ya kwance notuna, ya ɗaga murfin. Ciki cike yake da ƙarafa da sifirin, suna ƙyalli da mai. Ya kankare tsohuwar robar tas. Da ya zo shafa gam, sai ya tarar ya daskare. Ya rufe injin da tsumma mai tsabta.

"Injiniya, zan je shago in sayo gam in dawo. Kada ki ɗaga tsumman nan. Ko tsakuwa ce ta faɗa ciki, injin zai iya lalacewa."

"To, Baba."

Yana shan kwana, ta jawo kujera ta hau. Sau ɗaya kawai take so ta leƙa. Ta ɗaga tsumman, ta sunkuya sosai. Ɗankwalinta ya zame, ta fizge shi da sauri. Sai ta ji ƙaramar ƙara, ƙil. Ta taɓa kunnenta. Babu ɗan kunne.

Ta duba nan, ta duba can, ba ta gan shi ba. Can ta hango Baba yana tafe. Ta mayar da tsumman, ta sauko, ta ja ɗankwali ta rufe kunnen.

"Ba wanda ya taɓa?"

Ta girgiza kai.

Baba ya ɗiga gam a kusurwoyi, ya zaunar da sabuwar robar, ya kife murfin. Ya fara ɗaure notuna a hankali, daga tsakiya zuwa gefe. Yana aiki yana yi mata bayani, amma ba ta jin komai.

Mama ta fito da ruwa, ta zauna a kujerar. Ta kalli 'yarta, ta tambaye ta me ya sa ta rufe kunne a zafin nan. Yarinyar ta ce ba komai. Mama dai ba ta daina kallon ta ba.

Da gam ya kama, Baba ya goge hannu ya shiga mota. Ya zura makulli.

"To, Injiniya, zo ki ji aikinmu."

Ta ruga ta riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Baba, kada ka tayar. Na ɗaga tsumman. Ɗan kunnena yana ciki."

Baba ya kalle ta. Ya zare makullin, ya fito.

Haka ya sake kwance komai. Ya ɓamɓare gam ɗin da ya sha wahalar shafawa. Ya ba ta tocila ta riƙe. Ƙawayenta suka zo kiran ta wasa, Mama ta ce musu yau tana da aiki. Hannun yarinyar ya yi tsami, hawaye na zuba, amma ba ta sauke ba.

Sun daɗe suna nema. Mama ce ta ce a haska bayan sifirin na ƙarshe. Ga shi nan kwance, dab da ramin da mai yake gangarawa. Baba ya lanƙwasa waya siririya. Ya ɗago shi a hankali har ya fito, baƙi ƙirin.

"Da na tayar, ƙarafan nan za su tauna shi, su ma su ji ciwo," in ji Baba. "Da kin faɗa tun da na dawo, da tuni mun gama."

"Ka yi haƙuri, Baba. Tsoro na ji."

"Na sani. Ɗaga tsumman laifi ne. Ɓoyewar ta fi shi girma. Amma kin kyauta da kika riƙe hannuna."

Sai da la'asar suka rufe injin. Baba ya murɗa makulli, motar ta tashi lafiya lau. Mama ta yi dariya ta ce ba ta taɓa ganin motar da ta so sa ɗan kunne ba. Yarinyar ta yi dariya tana goge ido.

Tun daga ranar ta gane cewa idan ka yi kuskure, ka faɗa da wuri. Kuskuren da aka ɓoye girma yake yi.