Angon da Ya Tsallake Taga

Kaka Eulalia na niƙa barkono a madafi ta ce a mayar da kwandon. Kwandon burodi ne da cakulan da kyandirori, wanda iyayen Fidencio suka kawo na neman auren jikarta Nayeli. A garinmu kuwa, in kwando ya koma gidan da ya fito, magana ta mutu.

"Haba Kaka! Me ya yi miki?" in ji Nayeli, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Mijin wata ne! Da idona na ga an zarga musu igiyar furanni ta ɗaurin aure, shi da wata mai jan baki, a cikin cocinmu."

"Fim ne fa! Limamin ma ɗan wasa ne, gemun manna masa aka yi!"

"Wasa da igiya? Ke 'yar nan, shekara hamsin da biyu igiyar nan ta riƙe ni da kakanki, duk da halinsa!"

Abin da ya faru, 'yan fim ne suka zo daga babban birni, suka ji Fidencio na rera waƙa yana facin taya, suka ba shi rawar ango. Ranar ɗaukar bikin Kaka ta je coci kunna kyandir. Ta leƙa, ta ga igiya a kafaɗarsa, ta dafe ƙirji ta juya gida. Ko minti biyu ba ta ƙara ba!

Fidencio ya yi bayani har ya gaji. Ranar nan ya tare Nayeli a bakin kasuwa.

"Mu gudu kawai, a ɗaura mana aure a birnin Puebla. In ta huce ma dawo."

"Matar da ta raine ni tun ina tsumma? A'a. In kana so na, ka jira."

Ya jira, wata bakwai cur, yana ramewa.

Da fim ya fito, jaridun birni suka yi masa kaca-kaca: wai waƙoƙi sun yi yawa, labarin ba kai. Mu ina ruwanmu! Ran Lahadi da la'asar silima ta cika maƙil, har da masu zama a ƙasa. Kaka ma ta zo da mayafinta na zuwa coci, wai don ta nuna wa gari shaida.

Aka zo wurin bikin. Igiya ta sauka a kafaɗar ango, Kaka ta zunguri Nayeli.

"To, gani ya kori ji?"

Ba ta rufe baki ba, angon ya dubi amaryar da aka liƙa masa, ya ɓarke da waƙa cewa zuciyarsa na can wani gida. Ya ɗage igiya, ya tsallake taga, tim! Sai kan kejin mai sayar da talo-talo. Tsuntsaye suka bi shi, dangin amarya na biye, makaɗa na busa ƙaho a baya. Silima ta kaure da dariya. Kaka ta miƙe tsaye, mayafi ya zame.

"Gudu, ɗan nan! Gudu, kar su kama ka!"

A bakin ƙofa ta cafki kunnen Fidencio gaban kowa.

"Ja'iri! Me ya hana ka faɗa mini ba ka amsa ba?"

"Sau tara na faɗa, Kaka!"

"Ba ka ce da talo-talo a ciki ba! Gobe ka turo iyayenka."

Nayeli ta rungume ta, tana kuka tana dariya. Kaka ta share mata fuska da gefen mayafi, ta ce:

"Na sa ki kuka a banza, amma ba ki bar ni ba. Na gode, 'yar nan."

To, 'yan mata, kun ji. Da Nayeli ta gudu Puebla, da ta samu miji ta rasa kaka. Haƙurinta ya bar mata duka biyun. Ku kuma manya, in kun leƙa abu, ku daure ku ga ƙarshensa kafin ku yanke hukunci.