Kifin da Umma Ta Gani

Amarya na tsugune tana wanke kofuna sai ga Umma, uwar mijinta, ta fito fuska a sake, abin da ba a saba gani ba kafin ta sha shayi.

"Ajiye, ajiye. Daga yau ba ke ba tsuguno."

"Lafiya, Umma?"

"Lafiya ƙalau. Kifi na gani a mafarki, ƙato, ya kai tsawon hannuna. Ciki gare ki."

Shekara guda da biki, amma har yau Amarya ake ce mata. Mijinta Auta makanike ne, jarumi a gaban injin mota, a gaban uwarsa kuwa ko tari sai ya nemi izini. Ya dubi matarsa, ta girgiza kai, shi kuma ya sunkuyar da nasa.

Kafin azahar dangi kaf sun ji ta waya. Sai doka ta biyo baya: ba kasuwa, ba hawa babur, uwa uba ba zuwa shagon ɗinkin da Amarya ke aiki, don a cewar Umma taka keke na zubar da ciki. Ita ma a kan keke ta yi ɓarin cikinta na fari, ba ta manta ba.

Amarya ta koma zaman ɗaki. Taga ɗaya ce, ita ma katangar maƙwabta take kallo. Ta ci, ta kwanta, ta tashi, ta sake ci. Mai shagon ta kira: idan wata ya ƙare ba ta dawo ba, za a ba wata kekenta. Keken da ta sha wuya kafin ta same shi!

Aka je asibiti, nas ta yi gwaji ta ce babu komai. Umma ta taɓe baki.

"Na'ura ce ta haife ku? Duk cikin da na ɗauka naku sai da na ga kifi. Kwanciya cikin ya yi."

Da suka shiga ɗaki Amarya ta fashe da kuka. "Filis, ka yi mata magana."

"Sori, bebi, ki ƙara haƙuri."

"Haƙurin nake ci, shi nake sha. Numfashi ma nema yake ya gagare ni a gidan nan."

Yayarta ta ce ta haɗa kaya ta dawo gida. Ta ƙi. Tana son mijinta duk da tsoron uwarsa da yake yi, kuma ta san ba mugunta ce ta sa Umma ta kulle ta ba.

Ana gab da ƙarshen wata, ciwon ƙafar Umma ya tashi. Amarya ta zauna a ƙasa tana shafa mata man zafi, Auta na raɓe a bakin ƙofa.

"Umma, wai kifin nan, a kogi kika gan shi?"

"Wane kogi? A bahon wankina."

"Yana iyo?"

"Ina ya ga wurin iyo? Kai a nan, wutsiya a can, ko juyi ba ya iya yi. Sai buɗe baki yake yana..."

Umma ta dubi yarinyar da ke riƙe da ƙafarta: ta faɗa, idanu sun zurma, duk da abincin da ake ɗura mata.

Auta ya durƙusa. "Umma, ki yafe mini. Na san babu ciki, tsoro ya hana ni faɗa. Tana shan wuya."

"Ashe ke na gani, 'yar nan," in ji Umma, hawaye na bin kuncinta. "Ni ce na sa ki a bahon."

Washegari da kanta ta raka ta har ƙofar shago, tana ɗingishi, ta ce wa mai shagon kada wanda ya taɓa keken 'yarta.

Da Amarya ta yi fushi ta tafi, da ta rasa miji, ta rasa uwa. Haƙuri da ladabi suka buɗe mata ƙofar da rigima ba za ta buɗe ba. Iyaye kuma su lura: so idan ya yi yawa, yakan zama kurkuku.